Dalar kyandir ta Erzgebirge: inda aikin ya kai

14 ga Satumba, 2024

Katako ya iso, don haka daga yau zan riƙa rubuta yadda aikin ke tafiya. Abin da na sa a gaba shi ne dalar Kirsimeti irin ta mutanen Erzgebirge, tsaunukan da ke kudancin jihar Saksoni, kan iyakar Jamus da ƙasar Cek. Ga wanda bai taɓa ganinta ba, 'yar hasumiya ce ta katako mai hawa-hawa, da sanda a tsaye a tsakiya, da faifai a kowane hawa, da farfela can a ƙololuwa. Idan aka kunna kyandirori a gindinta, iska mai zafi ta tashi ta bugi fikafikan farfelar, sai sandar ta juya, duk abin da aka jera a kan faya-fayen ya shiga kewayawa. Ba batir, ba wayar lantarki. Tawa hawa uku ce, tsayinta santimita 60, da kyandir shida.

A Chemnitz nake zaune. Ranar Asabar nakan shiga jirgin ƙasa zuwa wani ƙaramin gari cikin tsaunukan, inda ƙungiyar masassaƙa ke haɗuwa a wani ɗaki mai benci-benci da ƙamshin itace. Irin waɗannan ƙungiyoyi suna da yawa a yankin, wasu sun haura shekara ɗari. Dattijon da ke duba aikina ya ba saba'in baya, kuma tun yana ɗan makaranta yake riƙe da wuƙar sassaƙa.

Dalar da aka fi sani tana ɗauke da mala'iku da siffofin labarin haihuwar Annabi Isa. Na gaya musu tun ranar farko cewa tawa gidaje da bishiyoyi da dabbobi za ta ɗauka. Dattijon ya ce ai dalar daji da dalar mahaƙa ma'adinai ba baƙi ba ne a wajensu, ya miƙo mini takarda da fensir in zana.

Itace iri uku na tanada. Buche, mai tauri, na ginshiƙai da sanda. Linde, mai laushi da santsin jijiya, na sassaƙa. Sai falankin filawud siriri na faya-faye, don kada nauyi ya yi wa sandar yawa.

28 ga Satumba

An yanka ginshiƙai, an goge su da samfefa, an huda gurabensu. Kowane hawa kusurwa takwas na yi masa, na kwaikwayi cocin garin Seiffen da aka gina tsakanin 1776 da 1779, wanda siffarsa ke kan kusan kowane kayan ado da ya fito daga yankin nan. Yanka kusurwa takwas da zarto na hannu akwai cin rai. Gefe ɗaya ya ɗara sauran da milimita biyu kawai, ginshiƙin da ke kansa sai ya karkace, kuma karkatar ƙasa tana ƙaruwa ne in an je sama.

Muna cikin aiki dattijon ya zana mini wani abu a bayan takardata: injin da dawakai ke kewayawa da shi a bakin ramin haƙa, suna jawo dutse da ruwa daga ƙarƙashin ƙasa. Doguwar sanda a tsaye, rufi mai tsini, dabbobi suna zagaye. Ya ce in dubi dalata in dubi zanen. Akwai ma dalar da ake yi da siffar wannan injin sak, ana kiranta da sunansa.

Sana'ar nan duka daga rami ta fito. A 1168 aka ga azurfa a wajen Freiberg, aka sake gani a Schneeberg a 1470, sannan a Annaberg wajen 1491, mutane suka yi ta kwarara cikin tsaunukan. Seiffen kuwa, wanda sunansa ya fara bayyana a rubuce a 1324, garin kuza ne, suna wanke ta daga yashin rafi, aikin da duk wanda ya san Jos ya san irinsa. Da ma'adinin ya ja baya, ƙasar ba ta noma sosai ba ce, ga sanyi, ga duwatsu. Abin da ya rage musu shi ne daji, da rafukan da ke juya injinan daka dutse. Sai suka mai da ƙarfin ruwan nan kan injinan juya katako. Da akussa da maɓallai da mazarai suka fara, kayan wasan yara daga baya suka zo. Zuwa tsakiyar ƙarni na 19 haƙa ta tsaya a Seiffen, katako ya zama shi ne abincin gari.

3 ga Oktoba

Yau hutun ranar haɗewar Jamus, na tafi Seiffen. Babu wani abu da ya ƙaru a jikin dalar, amma ban yi wata rana mai amfani kamar ta yau ba tun da na fara.

A gefen garin akwai gidan tarihi na fili, inda aka tattara tsofaffin gidaje da wuraren sana'a. A cikinsu akwai ma'aikatar juya katako ta 1760 wadda ruwa ke tuƙawa, kuma a nan na tsaya kallon abin da suke kira Reifendrehen, sana'ar da aka ƙirƙiro a wannan yanki wajen 1800. A ganina ita ce dabara mafi girma a duk aikin katakon Erzgebirge, ta fi mutum-mutumin sojojin da ke fasa ƙwallon 'ya'yan itace da mala'ikun da suka yi suna a duniya.

Ga yadda take. Ana ajiye gungumen itacen da suke kira Fichte cikin ruwa ya jiƙu sosai, domin busasshe tsagewa yake yi. A yanko faifai mai kauri daga gungumen, a kafa shi a jikin injin, ya shiga juyawa da gudu. Mai aikin yana da ƙarafa iri-iri a jere, wani mai lanƙwasa, wani mai tsini, wani mai faɗin baki. Yana tura su cikin itacen yana fitar da kwari da tudu, danyen sassaƙe na fallatsa har kan kafaɗarsa. Ya gama gefe ɗaya ya cire, ya juya, ya yi ɗayan. A ƙarshe abin da ke hannunsa zobe ne na katako mai tsage-tsage, wanda ba ya kama da komai. Sai ya ɗauki wuƙa da guduma ya datsa zoben. Kana duban bakin da ya datse sai ka ga doki, da kai da wuya da gadon baya da ƙafafu. Zoben gaba ɗaya doki ne guda da aka miƙe shi ya zagayo. Daga nan sai ya yi ta yanka shi ƙwaya-ƙwaya, kamar yadda mai shayi ke yanka burodi, zobe ɗaya ya ba da dabba 40 zuwa 60.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, duk tsawon lokacin da yake aiki ba ya ganin dokin. Siffar tana ɓoye cikin kaurin zoben, a kansa kawai take. Da yatsa yake laluben kwarin da ya fitar, da idon da ya saba, kuma sai an datsa ake sanin ko cikin ya yi zurfi ko ƙafa ta yi gajarta. In ya ɓaci, duk zoben ya tafi. Shi ya sa ake shekaru ana koyo, kuma waɗanda suka iya a yau 'yan ƙalilan ne.

Kada mutum ya ɗauka don burgewa aka ƙirƙiro wannan. Talauci ne ya koyar da ita. Dillalai na son dabbobi dubbai a farashi kaɗan, musamman na akwatin wasan jirgin Annabi Nuhu, wanda ake cika shi da dabbobi biyu-biyu a kai Ingila da Amurka. In za ka sassaƙa kowane raƙumin dawa daga gungume, ba za ka ci abinci ba. Don haka mai injin ya yanko, sauran aikin ya koma cikin gida: miji na fere da wuƙa, mata na liƙa kunne da ƙaho da wutsiya, yara na shafa fenti, kowa a teburi ɗaya har dare. A gidan tarihin akwai irin ɗakunan nan, ƙanana, da murhu ɗaya, wurin kwana da wurin aiki ba su da nisa da juna. Idan ka ga ɗakin, kallon da kake yi wa 'yan tumakin da ke cikin gilashin kantuna sai ya sauya.

Na sayo ɗanyun yankakkun tumaki da barewa da shanu, waɗanda ba a fere ba.

19 ga Oktoba

Fere tumaki. Abin da ya fito daga zobe a shafe yake gefe da gefe, da kaifin baki. Aikin wuƙa shi ne ta zagaye ciki, ta raba ƙafafu biyun gaba da biyun baya, ta sirantar da wuya da baki. Dattijon ba ya son a goge su da samfefa. Ya ce sawun wuƙa shi ne ke kama haske ya sa dabbar ta yi rai, kuma na yarda da shi bayan na jera gogaggiya kusa da wadda aka bari. Fichte na da halin tsagewa ta bin jijiya, ƙafafun barewa kuma sirara ne, saboda haka kullum daga kofato zuwa sama nake jan wuƙar, a hankali. Tumakin hawa na ƙasa sun kammala. Barewa saura kunnuwa.

Yawancin yinin a kan bishiyoyi ya tafi. Spanbaum suke ce musu, kuma da sanda ɗaya ta Linde ake yin kowace. Sai an zaɓi sandar da jijiyarta ta miƙe tsaf, ba ƙulli ko ɗaya, an fere ta ta yi tsini a sama. A ɗaure ta, a ɗora cizal mai kaifin aska a jikinta, a tura da ƙarfi iri ɗaya. Sassaƙen yana tashi yana nannaɗewa da kansa, kai kuma ka tsaya kafin ya rabu da sandar. Shi ne reshe ɗaya. A juya sandar a yi na gefensa, haka har a zagayo, na ƙasa manya, suna ƙanƙancewa zuwa sama. Ba gam, ba ƙari, ba gyara. Ka danne da yawa sassaƙen ya yi kauri ya ƙi naɗuwa, ka sassauta ya tsinke ya faɗi, bishiyar ta zauna da giɓi.

Na lura cizal na dakushewa tun kafin hannu ya ji. Alamar ita ce naɗin ya fara fitowa da gashi-gashi a baki. Yanzu dutsen wasa wuƙa da fata suna kusa da ni, kuma tun da na riƙa komawa kansu akai-akai naɗin ya daidaita. Ina da bishiyoyin da za su ishi hawa biyu. Na hawa na sama dole su zama ƙanana ƙwarai, ba su wuce tsawon yatsa ba, kuma hannuna bai kai nan ba tukuna.

31 ga Oktoba

An mai da agogo baya ranar Lahadi, yanzu kafin biyar na yamma duhu ya rufa. Sai a irin wannan lokaci mutum ke gane dalilin da ya sa kusan kowane abu da mutanen nan suka sassaƙa yana riƙe da kyandir. Mahaƙi a hunturu da duhu yake shiga rami, da duhu yake fitowa, sai ya yi makonni bai ga rana ba in ban da Lahadi. Daga nan aka sami al'adar jera mutum-mutumin mahaƙi da na mala'ika a taga, kowanne da kyandir a hannu, mahaƙi ɗaya ga kowane ɗa namiji na gidan, mala'ika ɗaya ga kowace 'ya mace. Mai wucewa a titi ya san yawan 'ya'yan gida. Haka kuma bakan kyandir da suke kira Schwibbogen, wanda mafi tsufan da aka sani na 1740 ne, daga Johanngeorgenstadt, kuma da ƙarfe aka ƙera shi. Na katako daga baya suka yawaita.

An haɗa hawa na ƙasa da na tsakiya da gam, an ɗaure su sun kwana.

9 ga Nuwamba

Farfela. Fikafikai 12 na yanka daga falanki siriri, kowanne da 'yar ƙusar katako a gindi, wadda ke shiga rami a jikin cibiya. Ba a liƙe su, a matse kawai suke, don a iya karkata su yadda ake so. Na auna su ɗaya-ɗaya a sikelin kicin, na jera masu nauyi ɗaya suna fuskantar juna.

Duk nauyin abin da ke juyawa, sanda da faya-faye da dabbobi da farfela, a kan tsinin allura guda yake tsaye. Allurar ƙarfe ce a gindin sandar, tana zaune cikin wani ɗan ƙoƙon gilashi mai faɗin farce. A sama kuma sandar ta ratsa wani rami da ke riƙe ta kada ta faɗi gefe. Ƙarfin da kyandir shida ke bayarwa kaɗan ne ƙwarai, saboda haka ɗan gogayya a ɗayan wuraren nan biyu ya isa ya tsayar da komai.

Gwajin farko, ta yi rabin zagaye ta tsaya. Dattijon bai taɓa fikafikan ba. Ya kashe kyandirorin, ya tura farfelar da yatsa, ya kasa kunne. Can sai ga wani ɗan ƙara a sama, sau ɗaya a kowane zagaye. Ɗakin ƙungiyar da danshi, itacen ya kumbura, ramin sama ya matse sandar ta gefe guda. Muka faɗaɗa shi kaɗan, muka ɗiga mai digo ɗaya a ƙoƙon gilashin, irin man keken ɗinki wanda ba ya daskarewa. Sannan muka koma kan fikafikai. In suka kwanta da yawa, zafin taruwa yake a ƙarƙashinsu ya fara gasa itacen. In suka miƙe da yawa, iskar ta wuce tsakaninsu ba ta tura komai ba. Tsakanin digiri 30 da 45 ake nema, kuma dukansu su zama ɗaya. Na yanka ɗan katako mai kusurwar da nake so, ina jingina shi da kowane fiffike.

Da muka sake kunnawa ta ɗan yi jim, sannan ta tashi da kanta, a hankali, inuwar fikafikan na zagaya rufin ɗaki. Wani ya buɗe ƙofa zai fita, iskar waje ta shigo, ta tsaya cak. Aka rufe, ta ci gaba.

20 ga Nuwamba

Hutu ne a Saksoni yau, na wuni a gida ina fenti. Gidaje fari da rufi mai ruwan toka, kamar na garuruwan tsaunin da ake rufawa da fallen dutse. Tumaki fari shafa biyu, ido da bakin tsinken sakace. Bishiyoyin ba za a taɓa su da fenti ba, ruwa na warware naɗin.

Ranar Asabar da ta wuce kowa a ƙungiya na rige-rigen gama nasa. Mutumin da ke benci kusa da ni yana haɗa Nussknacker, mutum-mutumin nan mai manyan haƙora da ake sa ƙwallo mai tauri a bakinsa a danna mariƙin baya ya fasa. Wilhelm Füchtner na Seiffen ne ya fara yin su da yawa a wannan siffa wajen 1870, kuma zuriyarsa na kan sana'ar har yanzu. Sarki ne, ko soja, ko ɗan sanda, ko mai gadin daji, duk da ɗaurarriyar fuska. Su ne masu iko da talaka a wancan zamani, talaka kuma ya sassaƙa su ya ba su aikin fasa masa ƙwallo. Wata dattijuwa kuma tana fentin mutum-mutumin mai shan lofe, wanda cikinsa rami ne: a ɗaga gangar jikin, a kunna ɗan curin turare da aka yi da gawayi da garin dankali da ƙaron lubban, a mayar, hayaƙi ya riƙa fita ta baki. Shi kam kullum mutumin gari ne, makiyayi ko mai sharar bututun hayaƙi ko ɗan koli, fuska a sake.

Kafin in fara aikin nan nakan ga kuɗin da ake sa wa dala ta gaske a kanti in ce ya yi yawa, musamman da yake ga masu kama da ita da ake shigowa da su daga waje a farashi kaɗan. Yanzu ba na faɗin haka. Na ga abin da bishiya ɗaya ke ci, na ga yadda ake zaɓen itace a bar shi ya bushe. Ƙungiyar masu sana'ar da ke Olbernhau tana da tambarin da take sa wa kayan yankin, ɗan mahayi a kan dokin wasa, kuma duk mai son saye ya duba shi. A Seiffen akwai makarantar da ake shekara uku ana koyon yin kayan wasa na katako. Kuɗin da aka biya shi ke sa matashi ya ga dalilin shiga wannan makaranta maimakon ya tafi Dresden ko Leipzig neman aiki.

30 ga Nuwamba

Yau jajiberin Lahadin farko ta shirin Kirsimeti, ranar da garuruwa da yawa na yankin ke tayar da babbar dalarsu ta dandali. A garin ƙungiyarmu aka taru da yamma cikin sanyi, da masu busa ƙaho da mutane cikin kayan mahaƙa na gargajiya, ana ta gaisawa da "Glück auf", gaisuwar masu shiga rami. Aka ƙirga, yara suka yi kamar suna turawa, dalar ta tashi. Waɗannan manyan da lantarki suke juyawa. Ta farko irinsu a Frohnau aka kafa ta a 1933, ta kasuwar Kirsimeti ta Dresden kuwa ta haura mita 14. A hanyar komawa tasha kusan kowace taga da bakan kyandir a kunne, kuma haka za su kasance har zuwa 2 ga Fabrairu a gidajen da ke bin tsohuwar al'ada.

Tawa ba ta gama ba, amma na kai ta an jera ta da na sauran. Hawa biyu a cike, na sama babu kowa.

7 ga Disamba

Bayan an bar ta tana juyawa na tsawon lokaci, ƙasan fikafikai huɗu ya yi duhu. Ba ƙuna ba ce tukuna, amma alama ce cewa harshen wutar ya yi kusa, ko kyandirorin da na saya sun fi tsayin da dalar ke so. Na samo gajeru irin waɗanda ake yi musamman don dala, kuma zan matsar da mazauninsu waje da santimita ɗaya, ta yadda zafin zai bugi tsakiyar fiffike. Kowane mazauni zai sami ƙoƙon ƙarfe da ɗan faranti mai tare narkakken kyandir. Dattijon ya hana ni sake kunna ta kafin a yi wannan.

Hawa na tsakiya ya ɗan fi nauyi ta gefen shanu, ana gani a yadda sandar ke ɗan rangaji. Zan ɓamɓare saniya ɗaya in mai da ita ɗaya gefen, in sa tunkiya a gurbinta.

Saura ƙananan bishiyoyin sama, da ɗan gidan bakin rami da zai zauna a tsakiyarsu, da shingen da zai zagaye hawa na ƙasa. Linden da ke hannuna akwai ɗan murɗe a jijiyarsa, ba zai yi ƙananan bishiyoyi ba. Wani a ƙungiya ya yi alkawarin kawo mini sanduna daga ajiyarsa Asabar mai zuwa, waɗanda suka shekara uku suna bushewa.